Rasuwar Gambo, Dinamon Jirgin Illiya

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga abin da Allah Ya hukunta, Malam Illiya makanisiye, mai gyaran mota na unguwar Dagmanet, nan Agadez, yana sanar da ƴan'uwa da maƙwabta, har da waɗanda suka shekara huɗu suna leƙen katangarsa suna dariya, rasuwar Gambo, dinamon jirgin saman da ya ƙera a bayan garajinsa. Gambo ya cika ranar Laraba da hantsi, a wannan shekara ta 1985, bayan jinyar wata biyar. A hannun Illiya ya cika, kuma babu kowa a wurin sai shi.

Ga wanda bai san marigayin ba, wani dunƙulen ƙarfe ne da bai fi ƙaramin turmi ba. Injin jirgin na ƙaramar mota ne, ba ya motsi sai da wutar batiri, Gambo kuwa shi ke mayar wa batiri abin da inji ya sha. In babu shi jirgin zai tashi, ƙwarai ma kuwa, amma bayan minti ashirin inji zai yi tsit a sama, a ƙasa kuma duwatsun Ayar ne ke jira.

An haife shi a wata ƙasar Turawa da ba a tantance ba. Ya iso garin nan cikin motar masu yawon hamada da ta mutu aka bar ta, Illiya ya ciro shi ya wanke shi da isansi, wato man fetur. Kafin zuwansa an yi wasu dinamo biyu iri ɗaya, suka ƙone cikin mako guda. Shi ya sa Alkasum ya ce wanda ya biyo bayan tagwaye ai ba shi da suna sai Gambo. Alkasum ɗin nan mai haɗa sirdin raƙumi ne, aminin Illiya shekara talatin, kuma shi ya sassaƙa ƙashin jirgin da katako, ya yi wa Gambo mazauni a gefen inji. Su biyu suka yi jirgin. Sauran gari ba su sa hannu ba sai baki.

Marigayin mai haƙuri ne, ba shi da hayaniya. In inji na ruri, shi muryarsa siririya ce a ƙarƙashi, wiiii, wadda babu mai jin ta sai Illiya da Alkasum. Da ya fara aiki sai allurar da ke gaban matuƙi ta karkata dama, alamar wuta na shiga. Bai taɓa hana maƙwabci ba. Waɗanda ke cewa Illiya ya taɓu, su ne dai ke sallama da batirinsu a hannu don su samu jin labarin hatsin agaji a rediyo, kuma Gambo ya cika musu bai tambayi me suka ce jiya ba.

Sai farin nan ya zo. Kowa ya san abin da ya gani, ba sai an maimaita masa ba. Saratu, matar Illiya, ta kwashi yara ta tafi Tawa wurin iyayenta, da niyyar dawowa in an yi ruwa. Raƙuma suka zube, wa zai sayi sirdi? Idon Alkasum kuma ya fara rufewa, har ƴarsa Biba ta zo ta ce sai ya koma wurinta a Dabaga. Ranar da zai tafi ya roƙi a bar shi da jirgin shi kaɗai. Ya wuni yana zagaya shi da jakar fatarsa a kafaɗa, yana lalube da yatsu, Illiya kuwa ya fice ya bar garajin don ba zai iya kallo ba. Da za su rabu Illiya ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, ba zan zo maka ta ƙasa ba. Kai dai ka kasa kunne." Alkasum ya ce, "Sau uku za ka zagaya gidan, don kada in ɗauka kamiyo ne mai ɗaukar kaya."

Washegari ciwo ya kama Gambo. Illiya ya tayar da inji, allura ta kwanta hagu ta ƙi tashi. Tabawa mai waina, da ke ƙofar garaji, ta ce kewa ce, ƙarfe ma ya san wanda ya tafi. Illiya ya yi murmushi ya ɗauko kayan aiki, yana ganin abin na rabin yini ne.

Iyalin marigayin na so a shaida cewa ba a yi sakaci da jinyarsa ba. An ɗaure igiyar robar da ke juya shi, an sassauta, an sake wata. An canja masa sharbo, ƴan gawayin nan biyu da ke cikinsa, da ba a samu sababbi ba Illiya ya goge na tsohon kamiyo da hannu har suka shiga. An buɗe regilate, ƴar akwatin da ke auna masa wuta, an kankare bakinta. An bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙwan fitila. An zargi batiri, an zargi allurar kanta, an wanke su duka biyu daga laifi. Iyaka a rufe take, balle a aika Kano neman wani.

Abin da ya fi cin ran Illiya shi ne, duk ranar da ya sauko da Gambo ya ɗaure shi a teburin ƙarfe na garaji, lafiyarsa ƙalau. Wiiii, fitila ta kama, har sai ya kare ido. A mayar da shi mazauninsa a jirgi, sai ya yi shiru. Sau bakwai ana haka. Illiya ya lallashe shi, ya zage shi, wata rana ma ya zauna a ƙasa ya ba shi labarin Saratu da yara, tunda ba shi da wanda zai ba. Duk Asabar Ya'u direba, mai ɗauko albasa daga Dabaga, yana kawo saƙo iri ɗaya: tsoho Alkasum na gaisuwa, ya daina gani ɗungum, kullum da hantsi sai an fitar masa da tabarma ya zauna yana fuskantar kudu.

Ana nan sai sojoji suka gano cewa akwai mai fiffike a Dagmanet. A zamanin nan kuwa ko tantabara sai ta yi hankali. Illiya ya yi wata biyu yana safa da marwa a ƙofar bariki, har kumandan ya gaji da ganin fuskarsa ya ba shi takarda ta yini ɗaya tak: Alhamis, daga fitowar rana zuwa azahar, Dabaga da dawowa. In azahar ta yi, ko ya tashi ko bai tashi ba, za a zo a kwance fankar gaban jirgin a tafi da ita.

Ranar Laraba, da ya ga saura kwana ɗaya, Illiya ya yi abin da shi kansa yake hana wasu. Ya tsallake regilate, ya haɗa wayar kai tsaye, ya buɗe wa inji wuta har ƙarshe, wai ko ƙarfi zai yi abin da lallashi ya kasa. Gambo ya yi wiiii yadda bai taɓa yi ba, muryar ta hau, ta hau, sannan ƙirrr, sannan tsss. Hayaƙi ya fito mai warin ƙonannen gashi. Kafin Illiya ya kai hannu ga makunni, an gama.

Wajen sauko da gawar aka san ciwon. Akwai wata kitsattsiyar wayar jan ƙarfe da ta haɗa jikin Gambo da inji, ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma gida. A mota jiki duk ƙarfe ne, wuta na samun hanyarta ba sai an nema mata ba, shi ya sa Illiya, da ya tsufa a ƙarƙashin motoci, yake kallon wayar nan ya ga a ɗaure take tam, ya wuce. Jirgi kuwa katako ne, in wayar nan ba ta taɓa ƙarfe ba, babu wata hanya. Da ya kwance ƙusar, sai ga fata. Ƴar jar fata, an yanke ta daidai kan ƙusa, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, har ramin an yi masa riga. Haka masu sirdi ke yi, ba sa barin ƙarfe ya ci ƙarfe sai sun sa fata a tsakani. Ya duba sauran ƙusoshin jirgin, kowace da tata. Abin da Alkasum ya wuni yana yi ke nan da makafin yatsunsa, don kada wani abu ya kwance da amininsa a sama. Illiya ya zauna da fatar a tafin hannu, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da Saratu ta tafi.

Marigayin ya bar batiri ɗaya, da allura wadda har yau ke kwance hagu, da fiffike biyu da ba su taɓa barin ƙasa ba. Fankar gaba ba ta samu zaman makoki ba, sojoji sun zo da azahar ɗin Alhamis, ba su makara ba ko da minti ɗaya. Ya kuma bar dattawa biyu, ɗaya a Dagmanet, ɗaya a Dabaga.

Za a binne Gambo ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin aduwar da ke bayan garaji. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, Illiya bai yi musu ba, zai naɗe shi da ragowar ƙyallen fiffike ya sa shi da kansa. Ba a buƙatar taro, dama taro sai da takarda. An shimfiɗa tabarma ɗaya, ta isa. Fatar ba za a binne ta ba, tana aljihun Illiya.

Ba za a yi zaman uku ba, domin ranar Asabar mai makoki zai hau bayan kamiyon Ya'u ya tafi Dabaga ta ƙasa. Roƙonsa ɗaya ne ga duk wanda ya karanta wannan takarda. Alkasum ba ya gani, ba zai karanta ba, sai dai a gaya masa. In ya tambaye ku me ya kashe Gambo, ku ce tsufa ne.