Sati Uku Ina Jan Hannun Kulu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka raba mana ƙannen rana a makarantarmu ta Gwandu. Ko na so in manta ma Balki ba za ta bari ba, don har yau in ta hango ni daga nesa sai ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunnenta, tana dariya.

Ina aji huɗu na elementare, mu bakwai ne 'yan mata manya. Malama Ige, mai kula da mu, ta gaji da yadda ƙananan da ake kawowa ba sa daɗewa: sati biyu sai ka ji wannan ta gudu gona, waccan ta ɓuya bayan rumbu. Sai ta fito da tsari. Kowace babba za ta samu ƙanwar rana cikin sababbin, ta biya ta ɗauko ta da safe, ta duba mata farce, ta koya mata riƙe allo, ta mayar da ita gida. Har nan babu laifi. Inda abin ya ɓaci shi ne da ta ce ƙananan ne za su zaɓa da kansu, a gindin tsamiya, gaban kowa, ranar da Baturiya mai duba karatun mata za ta zo.

To ni mutum ce wadda in ana kiran suna nakan amsa a ciki-ciki (sau biyu aka rubuta ban zo ba, alhali ina zaune a layin gaba). Wace yarinya ce za ta dubi Balki mai wushirya da waƙa, ta dubi sauran, sannan ta nuna ni? Ga shi Baba shi ne malamin hakimi, shi ya rubuta sunayen sababbin, na kuma leƙa takardar a kan buzunsa. Su shida ne. Mu bakwai. Ban taɓa gane lissafi da sauri irin na ranar ba: ɗaya za ta rage a tsaye ita kaɗai, kuma na san ko wace ce.

A lokacin ne na tuna da Kulu. 'Yar Gwaggona ce ta Kalgo, an kawo wa Inna ita riƙo bayan kaka, ƙarama, mai baki kamar an kunna ta. Na lissafa cewa in aka rubuta Kulu sun zama bakwai, kuma jini ai ba zai bar jini ba. Ban iya tunkarar Baba ba, sai na bi ta wajen Inna, ina tsince wake ina cewa a hankali, "Inna, Kulu fa ta isa makaranta." Da maganar ta kai wa Baba sai ya ce, "In hannunta ya kai kunne, a rubuta ta."

Haka ake auna shekaru a wurinmu. Yaro ya ɗora hannu ta bisa kai, in yatsunsa sun taɓa kunnen ɗaya gefen, ya isa. Na ja Kulu bayan ɗaki na gwada ta. Saura faɗin yatsa biyu.

Mai hankali da nan ta haƙura. Ni kuwa sai na duba kwanaki, na ga saura sati uku.

Kullum da hantsi, in Inna ta shiga daka, sai in ɗaga Kulu ta kama sandar rumfa da hannun dama, in sake ta tana lilo har in ƙirga hamsin. In ta sauko in shafa mata man shanu a kafaɗa, in dafe ta da gwiwa in ja hannun. Da na ga hannun yana nawa, sai na ce to kunnen ma ya taimaka mana, na riƙa jan na hagu sama, sau goma safe sau goma la'asar. (Na san abin da kuke tunani. Ni ma yanzu shi nake tunani.) Ladanta kuwa busasshen kifin da Gwaggo ta aiko daga Kalgo, wanda Inna ta adana cikin tukunya ta rufe da faifai. Guda-guda nake zarowa. Da Inna ta ga kifi yana raguwa, kyanwar maƙwabta ta sha jifa da muciya, ni kuwa har da taya ta cewa, "Wannan kyanwa ba ta da tsoron Allah."

Bayan kowane kifi sai mu yi bita, ta riƙa cewa Adda, don haka take kirana.

"Kulu, in Malama ta ce wa kike so, me za ki ce?"

"Adda!"

"Da ƙarfi."

"ADDA! Saura kan kifin, ba ni."

Akwai kuma abin da na lura da shi tun bara, wanda nake jin babu wanda ya kula. Uwayen da ba sa son a ɗauki 'ya'yansu sukan yi musu kitson doka mai tudu, su cusa tsumma a ciki, don hannu ya kasa ƙetarawa. Ni sai na yi akasin haka. Da safiyar ranar na tsefe kitson da Inna ta ɓata yini tana yi, na jiƙa gashin, na danne shi da tafi har kan Kulu ya koma kamar ƙwarya. Na kuma koya mata ta ɗan karkata wuya, kaɗan dai, kamar mai jin kunya.

Aka taru gindin tsamiya. Baturiya tana kan kujera da littafinta, fuskarta ta yi ja saboda rana. Hedimasta yana gefenta yana yi mata tafinta. Iyaye mata sun tsaya can baya. Baba kuwa yana zaune a tabarma da alƙalami da tawada, shi zai rubuta wa ta zaɓi wa. Mu bakwai muka jeru, an wanke riguna, an sha kwalli.

Aka auna Kulu. Ta ɗora hannu, ta karkata wuya yadda na koya mata, yatsa ya taɓa kunne. Wallahi ji na yi kamar ni na ƙera yarinyar. Saboda ita ce mafi ƙanƙanta, Malama ta ce ita za ta fara zaɓe.

"To Kulu, cikin waɗanga yayye, wa kika so?"

Na gyara tsayuwa. Har na ɗan matso da ƙafa ɗaya gaba.

Kulu ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sayen akuya. Ta zo kaina ta wuce. Ta miƙa hannun nan, hannun da na yi sati uku ina wahala a kansa, ta nuna Balki.

"Waccan mai wushirya."

Malama ta yi murmushi ta ce, "A'a, ɗiyata, ba ga Addarki nan ba?"

Da ma ba ta tambaya ba.

"Ni ban son ta," in ji Kulu, da muryar da na koya mata ɗagawa. "Kullum sai ta rataye ni ga rumfa kamar kifi. Ta ja min hannu, ta ja min kunne. Dubi wanga, ya fi wancan tsawo!"

Sannan wata tsohuwa daga baya ta ce, "La ilaha illallahu!" sai dariya ta fashe. Balki ta durƙushe tana riƙe ciki. Baturiya ta juya ga Hedimasta tana tambaya, shi kuma ya shiga fassarawa, yana nuna rumfa da hannu, yana jan kunnensa don ta gane, gemunsa yana rawa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta wani abu mai tsawo a littafinta. (Har yau ina tunanin a wane ofishi wannan takarda take.)

Na ce to an gama, ƙasa ta tsage in shiga. Ashe Kulu ba ta gama ba. Ta hango Inna cikin mata, ta ɗaga murya.

"Inna! Kuma kifin nan ba kyanwa ta ci ba!"

Ban dubi Inna ba. Baba na duba, na ga ya sunkuyar da kai yana goge bakin alƙalamin da babu komai a jikinsa.

Hedimasta ya ce a sake auna yarinyar, wuya a miƙe. Ya riƙe mata haɓa da kansa. Yatsan ya taɓa kunne, da ƙyar dai, amma ya taɓa. Ko girma ta yi cikin sati uku, ko aikina ne ya ci, Allah ne masani. Ba wanda ya yi mini sannu.

Aka ci gaba da zaɓe, ni ina kallon babban yatsan ƙafata. Ɗaya bayan ɗaya aka kwashe 'yan ajinmu, har ya rage ni kaɗai a layi, daidai abin da na yi sati uku ina gudu. A can gefe kuma saura yarinya ɗaya, Hajo, siririya daga Masama, wadda tun safe ba ta ce uffan ba.

Malama ta ce, "To Hajo, ga taki nan. Je ki."

Hajo ta dube ni. Ta dubi Kulu. Sai ta sa hannu biyu ta rufe kunnuwanta, ta taho a haka, taku ɗaya-ɗaya, har ta tsaya a gabana. Wannan karon har Baturiyar ba ta jira tafinta ba.

A gida Inna ta sa na sake yi wa Kulu kitso da hannuna, ta kuma aike ni da ƙashin kifi wajen kyanwar maƙwabta, wai in ba ta haƙuri. Bayan kwana biyu, da Baba zai fita, ya tsaya a zaure ya ce, "Da kin tambaye ni, ai da na gaya miki ita ma jikar liman an ƙara sunanta, zazzaɓi ne ya hana ta zuwa." Wato ko ban taɓa Kulu ba, da bakwai ɗin sun cika, in ta warke ta zama tawa.

Wata guda Hajo ta yi kafin ta yarda in riƙe mata hannu. Mukan tafi makaranta shiru, mu dawo shiru, kuma hakan ya yi mana daidai mu duka biyu. Ba ta taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Kulu kuwa sau uku Balki tana zaƙulo ta daga bayan rumbu, rannan har da cizo.

Abin da na koya shi ne, da man shanu da haƙuri kana iya ƙara wa yaro tsawon hannu. Bakinsa ne dai babu kifin da zai toshe shi.