Ranar da Zariya Ta Ci Amanata a Filin Langa

Shekarata arba'in da shida, 'ya'yana biyar, amma har bara ban yarda langa ta fi ƙarfina ba. Mun je Miga, garin su maiɗakina, bayan girbi, sai na jiyo samari suna wasan a ƙofar gida. Ta ce, "Baban Hafsa, dubi tumbinka, ka rufa mana asiri." Na ce mata a zamanina bayana bai taɓa taɓa ƙasa ba.

Na tuɓe riga, na kama ƙafata ɗaya ta baya, na shiga da tsalle. Na ture mutum biyu, fili ya ɗau sowa, kaina ya kumbura. Ana cikin haka na ji tas! Zariyar wandona ta tsinke.

To, a langa wanda ya saki ƙafa ya fita. Mai hankali zai sake ta ya kama wandonsa. Ni kuwa na riƙe ta gam, na kai wa na uku turi da ɗaya hannun. Wando ya zame har gwiwa, ya harɗe ni, na zube a gaban surukina, yana dawowa daga sallar La'asar.

Dattijon ya ɗaga kai yana kallon sama, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ya wuce.

Bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai duk Sallah yakan aiko mini da shadda har gidana a Limawa, kuma a cikin ƙunshin ba a rasa zariya biyu.