Ɓarawon Maganin Barci

Wata biyu da fara aikin haɗa magani a wani asibiti a Tudun Wadan Zariya, zamanin Turawa, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro allura. Ran nan, tsakiyar bazara, na tsiyaya ruwan maganin sa barci a tasa, na ajiye bakin taga, na tafi sallar azahar. Da na dawo, tasa ta bushe ƙamas.

Nan take na tare Baba Tanko mai shara, sa'an mahaifina, a gaban marasa lafiya. Na ce, "Baba, kai kaɗai ka shiga ɗakin nan. Fito da shi."

Ya jingine tsintsiyarsa.

Shugabanmu, Mista Okoye, ya shinshina tasar, ya ce, "Malam, ruwan sha ne ke riƙe da 'yan'uwansa, sai an hura masa wuta yake tafasa. Wannan magani kuwa, ƙwayoyinsa ba su da zumunci. Zafin Zariya kaɗai ya isa ya tafasa shi, ya bi iska."

Baba Tanko bai ƙara amsa gaisuwata ba har ya bar aiki.

Har yau, in shanya ta bushe, sai matata ta ce, "Malam, an sace ruwan wankin nan. Wa za mu kama?"