Rasuwar Zinariya, Tukunyar Iskar Malam Bashari

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Malam Bashari na Getso yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Gwarzo da Kabo rasuwar Zinariya, ƙaramar tukunyar iskarsa ta ko-ta-kwana da yake shaƙa a ƙarƙashin ruwa, wadda ta cika bayan doguwar jinya a gidan surukinsa.

Marigayiyar haifaffiyar ƙasar waje ce. Bashari ya haɗu da ita a Jidda, lokacin da yake aiki can ya koyi nutso don nishaɗi, abin da har yau mutanen Getso ba su gane amfaninsa ba, tunda ko tarwaɗa ba ya fitowa da ita. Ranar zaɓe a kantin kayan nutso an jera masa 'yan takara. Akwai wata 'yar mitsitsiya mai shiga aljihu, kyakkyawa ƙwarai, amma numfashinta bai fi na mai tsere ba. Akwai bututu na biyu da ake jonawa a babbar tukunyar da mai nutso yake goyawa a baya, mai amfani idan kana da abokin nutso, sai dai in babbar ta ƙare tare suke mutuwa. Bashari ya tuna cewa a gida shi kaɗai zai riƙa shiga madatsar ruwa, sai ya ɗauki Zinariya, mai kanta da bututunta da iskarta, ba ta jiran kowa.

An shaide ta da haƙuri. Shekara da shekaru tana rataye a gefensa, ba ta taɓa kishin babbar tukunya ba. Kalma ɗaya ta sani, wato "fsss", ita ma sai an gaishe ta kafin shiga ruwa. Sau ɗaya aka neme ta da gaske, ranar da babbar ta ɗauke masa iska a ƙasan madatsa, inda mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Bashari ya lalubo ta, ta ce "fsss", ta rako shi sama a hankali. Tun ranar matarsa Saudatu ta sa shi ya yi mata alkawari: ba zai sake sa ƙafa a ruwa ba sai da Zinariya ko irinta.

Ciwon ajali ya fara ne da aro. Alhaji Ƙasimu na Dugabau, mahaifin Saudatu kuma shugaban wata Islamiyya, ya ji labarin ƙarfin iskarta, ya aiko a ba shi ita ta hura wutar girki a walimar saukar karatu. Ta hura kuwa, har mata suka yi ta sa mata albarka. Da iska ta ƙare, aka jingine ta bayan rumbu baki buɗe. Wane ne Bashari da zai dubi idon surukinsa ya ce a maido masa kayansa? Duk Juma'a yana zuwa gaisuwa, ya durƙusa, ya saci kallon rumbu, ya tashi. Haka damina ta shiga ta fita, ruwa ya kwanta mata a ciki, ita da ta yi rayuwarta cikin ruwa bai taɓa samun ta ba. Da aka maido ta, aka girgiza ta sai ta ce "kwacar-kwacar". Masu dubawa suka haska cikinta, suka ga tsatsa ta gama da ita.

Ta rasu ta bar babbar tukunya, gilashin fuska, takalman agwagwa guda biyu, da Bashari, wanda yanzu yake zuwa bakin madatsa da yamma ya zauna kamar mai jiran kwale-kwale. Kewarta yake yi sosai, kewar ruwa kuma ta fi. Maƙwabta sun kawo shawarar wadda za ta gaje ta, daga tukunyar gas zuwa tiyon ban-ruwa. Saudatu ba ta amince da ko ɗaya ba.

Za a yanke gindin marigayiyar ranar Asabar da hantsi a wajen mai walda a Gwarzo. Daga nan za a wuce da ita makwancinta, reshen darbejiyar Islamiyyar Dugabau, domin Alhaji Ƙasimu ya aiko cewa makaranta na neman ƙararrawa, Bashari kuma ya ce to. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Ana roƙon masu ta'aziyya, don Allah, kada su tambayi inda babbar tukunya take, gudun kada labarinta ya kai kunnen Alhaji Ƙasimu.