Gwamnan Tsibirin Maidaji

A cikin duk Hausawan da suka taɓa saro kaya a Guangzhou, babu mai hangen nesa irin Alhaji Maidaji. Sauran fatake sun zo neman takalma da yadi, shi kuwa ƙasa ya samo.

A shekarar da Turawa suka miƙa Hong Kong, Alhaji ya ga gwamnansu a talabijin, an naɗe tuta an ba shi, ya shiga jirgin ruwa. Nan take ya gane cewa an yi giɓin gwamna a wannan yanki. Bai daɗe ba, wata safiya yana bin kwantenarsa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ya hango wani fili shimfiɗe a tsakiyar kogi, ba gida ba mai gadi. Ya hau kwalekwale, ya taka filin, ya kafa sanda, ya sa masa sunansa.

Daga ranar bai koma ba, don babban mutum ba ya yawo a taɓo. Daga ɗakinsa na benen Tianxiu ya yi mulki. Ya sa aka ɗinka tuta da ragowar yadin labule a kasuwar Shahe. Ya naɗa Illa mai ɗaure kaya Kwamishinan Ruwa, ya hana ƙaguwa yawo ba izini. Masu shago suna ce masa lawban, wato maigida, kamar yadda suke ce wa kowa, shi kuma yana ɗaga musu hannu a hankali.

Abu ɗaya ya rage wa gwamnati, wato talakawa. Sai ga Hajiya Mariama ta Maraɗi da dilolin atamfar Sallah, duk jarinta, ta rasa wurin ajiya kafin jirgi.

"Ki kai ƙasata," in ji Gwamna. "Ba kwastan, ba ɓarawo."

"Alhaji, mutanen nan ko kan tafin hannu suka samu sai sun yi bene. Me ya sa suka bar wurin?"

"Rashin hangen nesa, Hajiya."

"In ruwa ya zo fa?"

Gwamna ya yi dariyar manya. "Rani fa ake yi! A garinku kin taɓa ganin gulbi ya kawo da rani?"

Hajiya ta yi tunani, ba ta taɓa gani ba. Kwamishinan Ruwa ma ya tabbatar, don shi ma a bakin gulbin Maraɗi ya girma.

Ranar bikin buɗe ƙasa aka jibge diloli, aka kafa tuta. Gwamna ya hau kan dila da babbar riga, ya buɗe baki.

"Ya ku al'ummata! Wannan ƙasa ba za ta gushe ba har abada!"

Ruwa ya taɓa takalmin Kwamishina. Sama tas, ba ko ɗigon hadari. Ashe kogin nan da teku yake haɗe, kullum sai ya cika ya janye. Duk tsawon mulkin Mai Girma, ƙasarsa tana nutsewa safe da yamma ba ta sanar da shi ba.

"Alhaji, kayana!" Hajiya ta kwarma ihu.

"A kwantar da hankali. Gwamnati ba ta amince da wannan ruwa ba. Kwamishina, a bincika!"

Kwamishina ya riga ya kama igiyar wani kwalekwalen agwagi da ke wucewa. Aka ja Hajiya ciki, tana kallon atamfarta tana rina kogi shuɗi da ja. Gwamna ya naɗe tuta a ƙirji yadda ya gani a talabijin, ya shiga kwalekwalen, ya tafi a tsaye, agwagi suna tsattsage masa gindin riga.

Bai yi murabus ba. Ya ce ƙasar ta dawo bayan la'asar, Illa ya hango ta.

Hajiya dai ta yi Sallah ba kaya, ta koma dillancin takalma a benen. Duk sanda suka haɗu a matakala, sai ta rusuna har ƙasa a gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, ya mulki? Yau ƙasar tana gida, ko ta ɗan fita?"