Na'urar da Ake Yi wa Wanka a Layinmu

Yau da safe hukuma ta yi mini wanka. Ban roƙa ba, ban cika fom ba, ban bi layi ba. Na fito daga gida cikin farar rigata da uwar yara ta goge har tana ƙyalli, ina sauri in isa shagon kayan ginin da nake aiki kafin mai shagon ya riga ni, sai kawai na ji ruwa ya dake ni tun daga wuya har ƙugu. Na waiga, ga tankar ruwa tsaye, ga direba ya ɗaga tiyo sama yana feshi, ko kallona bai yi ba. Sati uku ke nan famfon gidanmu bai ɗiga ba. Duk mai cewa manyanmu ba sa tunawa da talaka, ya zo ya taɓa rigata.

Na ce, "Malam direba, lafiya? Mutum ne fa yake wucewa."

Ya ce, "Yi haƙuri, babban yaya. Ba kai aka turo ni in jiƙa ba, kai ne ka shiga tsakanina da ita."

Ita ɗin nan da yake faɗa, mai karatu, ba mace ba ce, na'ura ce. Amma bari in ɗauko maka zancen daga tushe.

A bayan layinmu akwai wani fili da a da ake buga ƙwallo. Wata rana motar shara ta zo ta juye a gefensa, washegari biyu suka zo, yau ga shi ya zama tsauni. Idan ya cika, sai a cinna masa wuta don a sami wurin zuba wata. Leda, robobi, tayoyi, tsofaffin katifu, duk suna ci a hankali, hayaƙin kuma ya san hanyar gidajenmu fiye da mai kawo takardar wuta. Ka shanya farin zani, ka ɗauke shi ruwan toka. Mahaifiyata, wadda duk layin ke kira Inna, tana fama da asma, kuma ɗakinta ne na ƙarshe a gidan, tagarsa tana kallon bolar ido cikin ido.

Mu uku muka zauna muka rubuta takardar koke: ni, da telan da ke maƙwabtaka da ni, da Malam, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya. Sau huɗu muna rubutawa. Buƙatarmu layi ɗaya ce tak, a kwashe bolar nan.

A wata na biyar aka amsa mana. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura lasifika. Wutar bolar ma an kashe ta tun jajibiri, abin da ya nuna mana ashe tana kasuwa. Sai ga jerin motoci, a tsakiyarsu Mai Girma Babban Majiɓincin Huhun Talakawa, Allah ya ƙara masa faɗin ofis. Ya hau mumbari ya ce zamanin ƙorafi da baki ya wuce, yanzu zamanin kimiyya da fasaha ne, don haka an kawo mana na'urar da za ta auna iskar layinmu a gano ko akwai matsala.

Tela ya matso kusa da kunnena ya ce, "Wato hancin nan nawa da na shekara hamsin ina aiki da shi bai isa shaida ba?"

Na ce, "Hancinka ba shi da takardar shaidar inganci."

Aka yaye ƙyalle, aka tafa. Wani ɗan akwati ne a kan doguwar sandar ƙarfe, da farantin zuƙar hasken rana a samansa, da fuska a gabansa. In iska na da kyau fuskar ta yi kore tana murmushi, in ta fara lalacewa ta yi rawaya, in ta ɓaci ta yi ja ta murtuke. Ranar kore shar take. Aka ɗauki hoto, motoci suka tafi, aka kwashe kujeru. Washegari aka sake cinna wa bola wuta, fuska ta yi ja. Haka ta zauna wata biyu cur.

Ni fa ba ni da faɗa da kimiyya, a rubuta wannan a ajiye. Tunda nake ban taɓa ganin ma'aikacin hukuma mai gaskiyar wannan akwati ba. Ba ya makara, ba ya zuwa taron bita, ba ya cewa ka dawo gobe, kuma abin da ya gani shi yake faɗa. Malam ya yi mana bayani a bakin shagon tela cewa na'urar tana zuƙar iska ne ta lissafa ƙurar da ke cikinta, sannan ta aika sakamakon kai tsaye zuwa kwamfutar ofis, har waɗanda suka ba da ita kyauta daga ƙasar waje suna gani.

Na ce, "To Malam, tunda har can ana gani, ai bola ta kusa tashi."

Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ɗana, ma'aunin zafi ba ya sauke zazzaɓi. Faɗa maka kawai yake yi."

Ana nan sai mai askin layinmu ya shigo cikin zancen. Mutum ne da in yana yi maka aski sai ka roƙe shi ya yi shiru, don kada dariya ta sa ya yanke maka kunne. Ya aro farar rigar likita, ya rataya abin sauraren ƙirji, ya jingina tsani ya hau, ya ɗora abin a jikin akwatin yana cewa, "Ja numfashi, baiwar Allah. A'a, a'a, kada ki ja, fasa!" Ya sa muryar tari a bayan hoton bidiyon, ya rubuta mata magani: ta canja unguwa. Tela ne ya ɗauka da waya. Cikin kwana uku bidiyon ya zagaye gari. Inna da kanta ta kalla, ta yi dariya har sai da muka miƙo mata abin shaƙarta.

Wata biyu na jan fuska bai motsa kowa a ofis ba, amma minti ɗaya na barkwanci ya tashe su tsaye. Aka aiko wa mai aski takardar gayyata. Matarsa ta zo gidanmu tana kuka, muka yi cirko-cirko muna tunanin wa ya san lauya. Kafin la'asar sai ga shi an sauke shi a mota mai sanyi, sanye da sabuwar riga da hula masu tambari. An naɗa shi Jakadan Iska Mai Daɗi.

Na je aski a satin, na ce, "Jakada, yaya aka yi haka?"

Ya ce, "Yayana, kujera biyu suka nuna mini, ɗaya a ofis, ɗaya a wani wurin da ba na son ambata. Ina da 'ya'ya huɗu."

Ban zarge shi ba, amma wallahi barkwancinsa ya mutu murus. Yanzu bidiyon da yake yi, zai tsaya a wani lambu ya buɗe hannuwa ya ce mu riƙa murmushi domin murmushi na tace iska. Ko matarsa ba ta dariya. Shi kuwa a shagonsa da takunkumin fuska biyu yake aiki. Abin da na fahimta shi ne, manyanmu ba sa ƙin barkwanci, so suke ya zama nasu. In ka ba su haushi sosai, ko su rufe ka ko su ɗauke ka aiki, duk wanda suka yi kuma bakinka ya rufu.

Saura na'ura. Aka kafa kwamiti mai mutum goma sha ɗaya, suka tafi wani otal suka yi nazari na kwana biyar. Daga nan aka turo wani injiniya mai ɗauke da jakar kwamfuta, ya tara mu ya ce binciken masana ya gano na'urar tana fama da ƙarancin danshi a muhallinta na kusa.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ba danshi ta rasa ba. Ga abin da ke damunta can yana ci da wuta, taku ɗari biyu daga nan."

Injiniya ya dubi bolar kamar yau ya fara ganinta, ya ce wannan ba ta cikin sharuɗɗan aikin kwamiti.

Tun daga ranar, kullum ƙarfe bakwai na safe tanka take zuwa ta yi wa sandar feshi. Ruwan ya kwantar da ƙurar da ke kewaye da akwatin, fuska ta yi rawaya, ta yi kore, ta yi murmushi na awa biyu. A cikin awa biyun nan ake ɗaukar sakamakon da ake sawa a rahoto. Ƙarfe tara ta koma ja, amma lokacin an rufe littafi. Matan layi kuwa sun gane lokacin, suna jera bokitai a gindin sandar suna tarar abin da ya zubo.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, uwar yara ta kira ni a shago ta ce in zo, numfashin Inna ya sarƙe. Na tarar da ita zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi, tana jan iska kamar ta cikin tsinke, abin shaƙar ya ƙi yin aiki. Tela ne ya bar ɗinkinsa ya samo mana mota. Muka wuce ta gaban na'urar, tana ja wur. Kwana biyu muka yi a asibiti. Da za a sallame mu, likita ya ce magani zai taimaka, amma in ana son tsohuwar nan ta ga baɗi, a raba ta da hayaƙin.

Jiya na kai ta gidan ƙanwata, can ƙarshen gari. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakinta na gidanmu, a cikinsa mahaifinmu ya rasu. Kafin mu tafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon gadon da aka naɗe wa katifa, ta ce, "Ni da na zaci daga ɗakin nan sai kabari." Sai na ɗauki akwatinta na yi gaba don kada ta ga fuskata.

To ka ji halin da nake ciki yau da ruwan hukuma ya same ni. Ina tsaye rigata na ɗiga, na ce wa direba, "Don girman Allah, tunda ga ruwa ga tiyo, ka matsa gaba kaɗan ka kashe mana wutar can mana."

Ya zaro wata takarda daga aljihu ya nuna mini, ya ce, "Duba nan, babban yaya. Na'ura aka rubuta. Wuta ta wani ofishin ce."

"Wane ofishin?"

"Wanda yake cinna ta."

Ya naɗe tiyonsa, ya ce shi ma ƙirjinsa na yi masa zafi tun da aka ba shi layin nan, ya ja mota ya tafi. Na koma gida na canja riga, na isa shago a makare, mai shagon ya yi mini kallon da ya saba.

Da azahar Malam ya kira ni a waya yana dariyar da ba ta daɗi ba. Wai an sanar a rediyo cewa layinmu ne ya zo na ɗaya a tsaftar iska a faɗin gari, za a ba mu lambar yabo ranar Asabar, ana so kowa ya yi shiga mai kyau. Na ce to madalla, a ina za a kafa rumfar, gaban shagon tela ko gindin sandar? Ya ce a'a, a otal za a yi. Likitan Mai Girma ya hana shi zuwa unguwarmu.