Rasuwar Mai Ido Ɗaya, da Roƙo ga Matafiya Maradi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Mutaru Bawah na Zongon Kumasi, ɗalibi a ajin koyon ɗaukar fim na ranar Asabar, ina sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan karatu rasuwar kyamarata, wadda aka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Ta cika ranar Talata, biyu ga Disamba 1969, da hantsi, ana cikin azumi, a tashar lori, kuma a hannuna.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Na same ta da tsufanta a hannun wani mai gwanjo a kasuwar Kejetia, fentin jikinta ya goge a inda babban yatsa ke zama. Ba ta cin batir, ba ta neman lantarki. Abincinta kawai a murɗa mabuɗin da ke gefenta sau goma sha biyu, sai ta kama waƙarta, ƙirrrr, tana haɗiye ƙananan hotuna goma sha shida a kowane sakan. Malaminmu, Ticha Ofori, tsohon mai ɗaukar fim ɗin labarai, ya gargaɗe ni tun ranar farko cewa goma sha biyu ne, kada in ƙara ko ɗaya. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

An shaidi marigayiya da haƙuri. Ta jure darasi na farko, na tsayar da hannu, lokacin da na ɗauko kasuwa tana tangaɗi har wata 'yar ajinmu ta nemi a buɗe taga don jiri. Uku bisa goma na samu, marigayiya ba ta ce uffan ba. Ta jure darasin haske, ranar da na tsayar da Idirisu mai nama rana na bayansa, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, haƙora kaɗai ake gani, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Ta jure darasin yanka da haɗi, inda na sa reza da gam na liƙa ɗaurin aure a juye, ango ya fita daga masallaci da baya. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da na nuna mata shi take nuna wa duniya, har da wautata.

A hankali muka fahimci juna. Na koyi riƙe numfashi kafin in danna. Na koyi jiran abu ya faru maimakon in bi shi da gudu. A watan Oktoba muka ɗauko kafintocin unguwar Anloga suna fere katako, Ticha ya kalla sau biyu, ya ba mu takwas, ya ce yanzu na fara gani. Saura aiki ɗaya a kammala karatu: fuskar mutum ɗaya, daga kusa, sakan goma, ba motsi.

Ni kuwa fuska ɗaya nake so. Inna Mamunatu, mai koko a ƙofar gidanmu, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta yaye ni, ita ta zane ni ranar da na fara guduwa silima. Shekara arba'in da biyu tana Kumasi, amma haifaffiyar Maradi ce. Tsakaninta da marigayiya babu jituwa. Da ta ji ƙirrrr sai ta ja gyale ta rufe fuska, ta ce, "Kawar mini da wannan mai ido ɗayan, ɗan nan. Ni ba 'yar silima ba ce." Daga bakinta ma sunan ya fito. Ina da bayanta, ina da hannunta yana juya ludayi, ina da ƙafarta a silifa, fuskar ce babu.

Sai dokar nan ta fito, cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin mako biyu. Inna ba ta taɓa sanin ita baƙuwa ce ba sai da rediyo ya faɗa mata. Ta raba tukwanenta, ta bar wa Zaratu maƙwabciyarmu wurin koko, ta ƙulle sauran a zane biyu.

A nan ne ciwon ajali ya samu marigayiya, kuma ba zan ɓoye ba, ni na jawo shi. Inna tana zaune a bayan lori a kan ƙullin kayanta, direba ya riga ya tayar da inji, sai ta ƙwala mini kira. Ta ce, "Zo da abar taka. Ɗauki, ka ajiye ni a Kumasi, tunda su ba su ajiye ni ba." Tsoro ya kama ni kada kyamara ta tsaya a tsakiya, sai na murɗa goma sha biyu, na ƙara uku. Rana tana bayana yadda aka koya mini. Na riƙe numfashi, na danna. Marigayiya ta ce ƙirr, ta ce ƙas, ta yi shiru.

Ƙarar inji ta hana Inna ji. Ta sauke gyalen har kafaɗa, ta gyara ɗankwali, ta dubi cikin idon marigayiya tana murmushi, tana ta ƙoƙarin kada ta motsa. Ban sauke hannuna ba. Na ci gaba da danna matacciyar kyamara ina ƙirga goma a zuciyata, hannuna tsaye cak, irin tsayuwar da Ticha ya yi shekara yana nema a wurina. Da na sauke ta tambaye ni, "Na shiga?" Na ce ta shiga. Da azumi a bakina na faɗa, Allah ya yafe mini.

An yi iya ƙoƙari wajen jinya. Na kai ta Suame, unguwar masu gyaran mota, makanikai uku suka duba ta, ɗaya ma ya kawo shawarar a sa mata sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan, na birkin keke. A ƙarshe Hussein mai gyaran agogo ya buɗe cikinta, ya nuna mini sifirin ɗin ya tsinke gida biyu, ya ce, "Massa Mutaru, wannan abu ya mutu. Irin nasa babu ko a Ankara, babban birnin ƙasar nan. Wane ne ya murɗa shi haka?" Na mayar da ita jakarta na fito.

Fim ɗin ya dawo daga wanki a makon jiya. Hotuna goma sha ɗaya suka fito, ko sakan guda bai cika ba. Ana ganin hannu yana ɗaga gyale, ana ganin goshi, a na ƙarshe ana ganin ido ɗaya. Ticha Ofori ya ɗaga shi a taga ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kafra, Mutaru," wato sannu a yarensu. Ya ce zai ara mini tasa in ɗauki wata fuskar kafin ƙarshen wata. Na gode masa, amma har yau ban je karɓa ba.

Marigayiya ta bar murfin ido ɗaya, jakar fata mai tsinkakkiyar igiya, da abokin zamanta mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kansa, wanda ke jingine a bayan ƙofa bai san abin da zai ɗauka ba. Ta bar fim mai tsawon minti goma sha tara, mafi yawansa na mutanen da yanzu ɗakunansu ke kulle. Ta kuma bar ni.

Za a yi sadakar arba'in ranar Lahadi, sha ɗaya ga Janairu 1970, bayan la'asar, a ƙofar gidanmu. Kafintocin Anloga sun ƙera mata akwati kyauta, za a sa ta a ciki a tura ƙarƙashin gado. Zaratu za ta raba koko da ƙosai. Ba za a kunna majigi ba, amma mai son ganin hotuna goma sha ɗayan sai ya zo da sauran rana, a ɗaga masa su a haske.

Roƙo ɗaya gare ni. Wasiƙa ta iso daga Maradi, Inna ta sa an rubuta mata. Ta isa lafiya, tana tambaya ko ta yi kyau a silima, kuma ko mutanen layinmu sun gan ta. Duk wanda hanya ta kai shi can, don Allah kada ya kai mata wannan sanarwa. Idan ta tambaya, a ce mata ta yi kyau ƙwarai. Wannan ba ƙarya ba ce, ni na gani.